Wuyan Giwar Baba Yohanna

Kwanan baya wani saurayi ya tsaya a bakin rumfata, waya a hannu, ya kalli gurmin da nake ɗaura wa tsirkiya, ya ce wa abokinsa, "Wannan ai ko ni zan haɗa. Ƙoƙo ne kawai da sanda." Ban tanka masa ba, don a lokacin akwai zare a bakina. Amma maganar ta tsaya mini a rai, kuma tunda irinsa sun yi yawa a Birnin Gwari, gara in ba su amsa gaba ɗaya in huta.

Sana'ata haɗa kayan kiɗa masu tsirkiya da gyaransu, wato gurmi da garaya da molo da goge da kukuma. A hannun Malam Barau na koya, Allah ya jiƙansa, mutumin da bai taɓa yabon aikin kowa ba har nasa. Na daɗe a wurinsa ban taɓa gizago ba. Aikina kankare fata, da bin mafarauta cikin daji neman guza, da saro gora a bakin rafi. Ranar da na haɗa gurmina na farko na kai masa ina washe baki. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya sa wuƙa ya yaye fatar, ya miƙa wa matarsa ƙoƙon ya ce ta riƙa ɗiban gari da shi. Har ta rasu da ƙoƙon take awo, kuma kullum na shiga gidan sai ta gode mini.

Kayan aikin ba su da yawa. Gizago da kurfi na rarake itace, magagari, basilla, da wata wuƙa da maƙeri ya ƙera mini da tsohon sifirin mota. Sai wani baƙin gwangwani da nake dafa gam a ciki. Mu ba ma aiki da farin gam na kanti. Guntayen fatar saniya ake jiƙawa, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan har su narke su yi yauƙi. In ya kama ya kama, amma ranar da kake son cirewa, ruwan zafi ya isa, itace ba zai ji ciwo ba. Aibinsa ɗaya, ba ya jira. Da zafinsa ake shafawa a haɗa, in ka tsaya gaisawa da wani ya sandare. Ga shi kuma in yana kan wuta ƙanshinsa sak farfesun ganda.

Malam Barau yana da doka guda wadda ko Sarkin Makaɗa ne ya aiko ba ya karya ta: ba a ɗora wa abin kiɗa wuya sai mai shi yana nan ya rungume abinsa. Na taɓa ganin ya mayar da ɗan aiken wani mafarauci har Kutemeshi, ya ce a je a taho da mai garayar ko a bar masa ita a kwance. Da mutumin ya zo yana ta cika yana batsewa, sai ga shi ashe ɓauna ta taɓa karya masa kafaɗa, hannunsa na hagu ba ya miƙewa sosai. Da an ɗora wuyan yadda ake ɗora wa kowa, da sai dai ya rataye garayar a bango. Malam ya dube ni ya ce, "Zare yana nuna maka tsakiyar itace. Ba ya nuna maka kafaɗar mutum." Daga nan bai ƙara yi mini bayani a kai ba, ni kuma ban ƙara tambaya ba.

Sai shekarar da daji ya rufe. Ba sai na faɗa wa ɗan garin nan yadda aka yi ba. Inda muke saro gora ya zama wurin da ko sunansa ba a son ambata. Mafarautan da ke kawo mini fata sun koma 'yan banga, ba wanda ke da lokacin jin kirari. Aure kuwa a ɗaura a watse tun goro bai gama zagawa ba, balle a kira makaɗi. Na koma sassaƙa muciya da kujerun tsuguno. Na yi ƙotar fartanya jibgi guda, sannan na tuna ba mai zuwa gona. Har tarkon ɓera na gyara a shekarar nan, mai shi ma ya dawo ya ce bai kama komai ba, ɓerayen sun yi ƙaura.

A cikin wannan hali ne wata rana da hantsi na ga layinmu ya yi tsit. Wata tsohuwa ce Bagwariya, gajera kakkaura, take turo baro, a kansa an kwantar da wani dogon abu lulluɓe da zannuwa, kai ya zarce gaba, ƙafa ta zarce baya. Masu zama a kan benci duk suka miƙe. Idi mai shayi, wanda bai daɗe da kafa teburinsa kusa da ni ba bayan ya gudo daga Gwaska, ya ajiye kofi yana salati. Ni ma na fara haɗa kalmomin ta'aziyya a raina. Sai ta taka birki a gabana.

"Kai ne mai gyaran goge?"

"Ni ne, Mama. Allah ya ba da haƙuri."

"Haƙurin me? To ga uwarsu na kawo maka."

Ta yaye zanen. Ni dai a talabijin na taɓa ganin irinta. Uwar gogen Turawa ce wadda ake kaɗawa a tsaye, ta fi mutum tsawo, ciki kamar na ƙaramin rumbu, tsirkiya huɗu kowace ta kai kaurin igiyar shanya, kai a naɗe kamar ƙahon rago, ga ƙafa ɗaya ta ƙarfe a ƙasa. 'Yan coci na birni suna ce mata bes, amma mutanen ƙauyen tsohuwar Giwa suke kiranta. Kallo ɗaya na yi na ga inda cutar take. Wuyan ya karkace ya nufi gabas, jikin yana kallon kudu, tsirkiyoyin sun zame daga kan baƙin allon da ake danna su. A gindin wuyan kuma ga kawunan ƙusoshi sun leƙo, irin waɗanda ake kafa rufin kwano da su.

Tsohuwar sunanta Saratu. Ta zauna a kan bencina ba tare da an ce mata bismillah ba, ta ba ni labari. Wani Baturen mishan ne ya zo da Giwa ƙauyensu, can bayan Kakangi, tun zamanin da. Da zai koma gida aka ce sai ya biya mata kujera a jirgi, ya ce ta zauna. Mijinta Yohanna, a lokacin yana saurayi mai sharar coci, shi ya koyi kaɗa ta. Tun daga nan ba a yi Lahadi ko aure ko jana'iza a ƙauyen ba tare da shi a tsaye a bayanta ba.

"Ranar da 'yan bindiga suka watsa ƙauyenmu," in ji ta, "rana tsaka ce. Kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Ni na goya jikata, na ɗora tukunya a ka, na ce, Baban Ladi, kwanto akuya. Akuya mai ciki, Malam, saura kaɗan ta haihu. Na waiwaya a bakin rafi, sai ga shi yana tafe da wannan akwatin a baya kamar kunkuru. Na ce ina akuya? Ya ce akuya na da ƙafa, Giwa kuwa ƙafarta ɗaya."

A cikin daji kan Giwa ya sarƙe a reshen ƙirya, Yohanna na gudu, sai suka ji ƙas. Da suka iso gari aka sauke su a makarantar firamare da ke bayan layinmu. Wani kafinta mai yin ƙofofi ya ce ai wannan ba komai ba ne. Ya zuba farin gam, ya bi da ƙusa. Allah ya shirye shi, ni dai na yafe masa, amma ba a ranar ba. Yohanna ya taɓa tsirkiya ɗaya, ya ji abin da ta ce, ya juya Giwa ta fuskanci bango, ya kwanta. Tun daga ranar ya daina cin abinci. Sai ruwa, sai ɗan koko in Saratu ta tayar da bala'i. An kai shi asibiti an duba, an ce ba a ga ciwo ba.

"Ni ba kiɗa ne ya dame ni ba," ta ce. "Shekara da shekaru abin nan yana hana ni barcin rana. Amma mutumin nan zai mutu a kan akwati, ni kuwa ba ni da wani. Ka gyara mini ita ya ci tuwo."

Ban taɓa taɓa irinta ba, kuma na faɗa mata haka. Ta ce shi ma wanda ya buga ƙusar bai taɓa ba, amma bai hana shi ba. Na ce ta bar mini ita.

Cire ƙusoshin shi ne aikin farko, kuma shi ya fi cin rai. Kowace sai na sa ɗan ƙyalle a ƙarƙashin filaya, in murɗa a hankali kamar mai cire ƙaya a tafin ƙafar jariri. Farin gam ɗin kuma ya ƙi ruwan zafi, sai tururi. Na roƙi Idi butar shayinsa, muka cusa tiyo a bakinta, na riƙa hura tururin cikin tsagin. Masu jiran shayi suka yi ta gunaguni, Idi na ce musu su yi haƙuri, ana yi wa giwa sirace. Can wuyan ya motsa, na girgiza shi, ya fito a hannuna.

Abin da na gani a ciki ya kwantar mini da hankali. Gurbi ne aka fafe a jikin, dunduniyar wuyan tana shiga ta zauna daram. A gefen gurbin, ƙarƙashin ɓarnar kafinta, ga wani tsohon gam ja-ja na asali. Na kankaro kaɗan na sa a harshe. Wallahi na fata ne, irin namu sak. Na ce ashe Bature ma ganda yake dafawa. Daga nan tsoronta ya fita daga raina, na san yarenmu ɗaya da wanda ya ƙera ta.

Da na zo juya ta sai na ji wani abu yana gangarawa a cikinta, ƙwal-ƙwal. Idi ya ja da baya ya ce laya ce, kada in taɓa. Muka kife ta muna girgizawa har abin ya faɗo ta ɗaya daga cikin tsagogin nan biyu na cikinta. Ɗan guntun itace ne mulmulalle, tsawon taƙi guda ko ɗan fiye. Na kusa jefa shi a murhun Idi. Allah ya taimake ni Saratu tana wurin, ta ce, "A tsaye yake da, daga ciki, kamar ginshiƙin ɗaki. Ni nake share mata ƙura, na sani." Na sa madubi da tocila na leƙa, sai ga shaidar inda yake tsayawa, daidai ƙarƙashin jaki, wato ɗan katakon da tsirkiya ke hawa. Mayar da shi ta wannan siririn tsagi, da wayar keke da na lanƙwasa, shi ne aikin da ya sa na faɗi wasu kalmomi da sai da na sake alwala.

Gurbin kuwa ƙusa ta yi masa kaca-kaca. Sai na toshe ramukan da 'yan turaku, in yi masa ƙari da busasshen maɗaci a gefen da ya cinye. To ina maɗaci, daji a rufe? Na duba rumfar nan kaf, busasshen maɗaci ɗaya ne, ƙafar bencina. Na yanko. Shi ya sa har yau in kun zauna a kai yake rangaji, kuna cewa mai sassaƙa ya kasa gyara bencinsa. Daga nan sai aikin haƙuri. A shafa gawayi a gurbi, a sa wuya, a cire, a duba inda baƙi ya taɓa, a kankare wurin kaɗan, a sake. Haka za ka yi ta yi har baƙin ya kama ko'ina. Wanda ke ganin sana'ar nan ƙoƙo ce da sanda, ina gayyatarsa ya zo ya yi wannan na yini ɗaya.

Da gurbi ya yi daidai na tattara guntayen fatar da suka rage mini, na ɗora gam a wuta, na tafi sallar azahar. Na dawo na tarar da Idi da wasu mutum biyu a tsugune sun sa gwangwanina a tsakiya, kowa da yankan burodi. Sun zuba gishiri, sun barbaɗa yaji, sun kusa ganin gindinsa.

"Malam," in ji Idi, "farfesun nan naka ya nuna, amma hannunka bai faye gishiri ba."

Ya so ya ƙara magana, leɓɓansa suka riƙa ɗaukar lokaci kafin su rabu. Da na faɗa musu abin da suka ci, ɗaya ya riƙe ciki ya ce yanzu hanjinsa zai manne ke nan? Na ce in ya ji alama ya sha ruwan zafi, haka muke cirewa. Ban yi dariya a gabansu ba, don haushi ya fi yawa. Sai da na je wurin mahauta na roƙo sabuwar fata, na kankare gashi, na shanya, aiki ya koma baya. Tun daga ranar nake rufe gwangwanin da dutse.

Da sabon gam ya kusa, na ja zare daga kan Giwa zuwa ƙafarta na ga tsakiya, na ce wa Saratu saura abu ɗaya, sai mai ita ya zo.

"Ba zai zo ba. Ko sunanta ba ya so a kira."

"To ba zan shafa gam ba."

"Zaren naka bai nuna maka daidai ba?"

"Ya nuna mini na itace, Mama. Saura na Baba."

Ta ce mutum yana can yana ƙarewa ni ina nan ina tsirfa. Na ce haka na gada, in na karya, Malam Barau zai iya biyo ni har cikin barci da wuƙarsa. Ta harare ni, ta gyara ɗaurin zane, ta tafi ba sallama. Gaskiya na ga alamar dokar maigidana za ta kashe tsoho.

Ba a jima ba na ji hayaniya daga bakin layi. Wani dogon tsoho ne, ya rame har riga na yawo a jikinsa, yana tafe yana dogara sanda yana tangaɗi, ido jawur. Saratu na biye da shi a nitse.

"Wane ne?" ya ce. "Wane ne zai yanka ta ya yi akurkin kaji?"

Na buɗe baki zan rantse, sai na ga Saratu ta ƙifta mini ido daga bayansa. Ashe ce masa ta yi na duba na ce ba ta gyaruwa, zan tsaga ta da zarto, in yana so ya zo su yi sallama. Mutumin da ya kasa tashi ya sha koko, sai ga shi ya tako har rumfata da niyyar fasa mini kai.

Na ce, "Baba, kafin a kai ga kaji, zo ka riƙe mini ita in gwada wani abu."

Muka tayar da Giwa a kan ƙafarta, na zura wuyan a gurbi ba gam. Ya tsaya yana huci, sannan ya jingine sandar, ya zagaya bayanta. Jikinsa ne ya tuna, ba shi ba. Ƙugunta ya zauna a cinyarsa, hannun hagu ya tashi yana neman wuya. A nan na ga abin da zare bai gani ba. Shekaru da fartanya sun karkatar da tsohon, kafaɗarsa ta hagu ta sauka, in wuyan na tsakiya sosai sai ya yi miƙa kafin ya kai. Na riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan, kaurin ƙwayar gero, ina kallon yatsunsa. Ya rufe ido. Can ya ce, "Nan." Na sa alama, na kankare gefe ɗaya, na ƙara ɓawon maɗaci a ɗayan. Har yau in ka ja zare za ka ga ta ɗan kauce. Wani mai waya ya taɓa nuna mini hoton ta Turai ya ce tawa ba ta miƙe ba, na ce ya nuna mini hoton kafaɗar Baturen.

Na sauke gam da zafinsa, na shafa, na danna wuya, na naɗe da robar tayar babur tam, don ba ni da abin matsewa mai girmanta. Na ce, "Baba, riƙe ta haka, kada ka motsa." Ya rungume ta da hannu biyu. Sai na ga hannuwan suna karkarwa, har tana ɗan rawa.

"Af," na ce, "aiki ya ɓaci. Wannan rawar za ta gusar da wuyan."

"Ba ni nake yi ba," in ji shi. "Hannun ne."

"Rawar yunwa ce, na san ta. Gam kuwa ba ya jira. In ya sandare a karkace, sai dai a kira mai ƙusa."

Ban rufe baki ba Saratu ta ɓace. Tsohuwar nan ta yi gudun da ban ga yarinya ta yi ba, ta dawo da kwanon tuwon dawa da miyar kuka, ta wanke hannu a butar Idi, ta yanko loma ta kai masa baki. Ya kau da kai.

"Uwar Ladi, a kan titi? Ni yaro ne?"

"To karɓi da hannunka."

"Kada ka saki!" na daka masa tsawa.

Ya dube ni, ya dubi Giwa, ya dubi mutanen da suka fara taruwa. Idi, Allah ya yi masa albarka, ya warware tabarmar sallarsa ya tsaya ya kare su da ita, ya juya musu baya yana korar 'yan kallo. Ni ina tsugune ina taɓa gam da yatsa. Can na ji ƙarar haɗiya. Bayan 'yan lomomi ya ce, "Malam, bai kama ba?" Na leƙa kwanon na ga da saura, na ce tukuna. Ya sake tambaya, na ce gam ɗin fata ba ya son gaggawa. Sai da Saratu ta suɗe kwano, Idi ya miƙo shayi mai kauri ta saman tabarma aka ɗura masa, sannan na ce to alhamdu lillahi, ya fara kamawa. Masu wayo a cikinku za su ce ai robar kaɗai ta isa ta riƙe. Wannan magana ce ta cikin sana'a, ba a yin ta da 'yan waje.

Giwa ta zauna a ɗaure a rumfata har gam ya bushe sosai. Kullum da safe Baba Yohanna yana nan a kan benci mai rangaji yana gadinta, kada kaji su zo. Ci kuwa yana yi, amma kamar magani, sai Saratu ta tsaya a kansa ni kuma na ce za a sake gwaji. Ita da ni mun san ba a gama ba. In aka ɗaura tsirkiya wuyan ya ɓalle, ko muryar ta fito ba tata ba, tsohon zai koma ya fuskanci bango, kuma wannan karon ba ƙaryar da za ta tayar da shi. Bakan da yake goga ta da shi ma duk gashin ya zube a daji. Na kwance izgar bakunan kukumata har uku na haɗa masa, na goga ƙaro.

Ranar ɗaura tsirkiya na fi kowa tsoro, don ƙarfin da tsirkiyoyin nan ke ja ya isa ya tayar da jaki na gaske daga kwance. Na tsayar da jakinta, na riƙa murɗa makullan kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan. Itacen ya yi ƙara sau ɗaya. Na duba gindin wuya, ko gashi ba zai shiga ba. Na miƙa wa Baba baka na koma gefe.

Ya daidaita muryoyin da kunnensa, ya ɗora baka a kan tsirkiya mafi kauri, ya ja. Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Ba a kunne na ji shi ba, a ƙirji na ji. Kwanon rumfata ya ɗauka ya riƙa kaɗawa, ruuu, kamar daga nesa wani abu mai yawa yana tahowa. Idi, wanda ya san wannan ƙara tun ranar da 'yan bindiga suka shiga Gwaska, ya saki buta ya ƙwala ihu, "Babura!" Ya tsallake teburinsa ya ranta a na kare. Mai awara ta bar kaskonta a wuta. Tela ya shige ƙarƙashin kekensa. Kafin ka ce kwabo layin ya zama wayam, sai takalma.

Sai kuma na ji wasu ƙafafun, su kuma tahowa suke yi. Mutanen ƙauyensu ne daga makarantar. Mata da goyo, tsofaffi, wata da muciya a hannu, wani da kumfar sabulu a ka. Su sun san muryar. Suka cika gaban rumfa, sai wata tsohuwa ta ɗauko waƙa da Gwaranci, saura suka amsa. Ban san abin da waƙar ke cewa ba, amma idona ya kawo ruwa, ba zan ɓoye ba. Baba Yohanna yana tsaye a karkace, Giwa a karkace, sun dace da juna. Can na hango Idi yana leƙowa daga bayan katangar masallaci, takalmi ɗaya a ƙafa.

Da waƙar ta ƙare tsohon ya sauke baka, ya share zufa, ya waiwaya yana neman matarsa a cikin mutane.

"Uwar Ladi," ya ce, "yau me kika dafa?"

Saratu ta sa bakin zane ta goge fuska, ta ja hanci.

"Akuyar da ka kwanto," ta ce. "Wuce mu je, tuwo na hucewa."

Ya jingina mini Giwa a kafaɗa, ya manta sandarsa a kan benci, ya shige gaba yana ce mata ta ɗaga ƙafa.